Ranar da Yaya Ukasha Ya Sauka Daga Tudu

Unguwar Faisal, Giza, Masar.

Zuwa ga Baffana, Baffa Sada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kafin komai, Baffa, ina neman gafararka da na yi ƙarfin halin rubuto maka kai tsaye, ba ka nema ba, kuma Abba bai sani ba. Na san ban kai ba. Ni ce Fiddausi, ƙanwar Yaya Ukasha, wadda ka yi wa tsiya ka ce an bar bakinta a jirgi lokacin da muka zo Funtuwa bikin Yaya Nana Fatima, saboda na kasa ɗago kai in gaishe ka da ƙarfi. Har yanzu ban canza sosai ba, shi ya sa na zaɓi takarda. Da a waya ne, da muryata ta maƙale tun a sallama. Zan ɗauki hoton takardar in tura wa Yaya Nana Fatima ta kawo maka. In ka ga Hausata ta karkace ko Larabci ya shigo, ka yi mini uzuri, a wurin Umma na koyi rubuta ta, ba a makaranta ba.

Ina fatan kana lafiya, da kai da Inna da dukkan mutanen gida. Mun ji labarin ciwon gwiwar da ya hana ka zuwa masallaci kwanakin baya, Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya sa an kai amfanin gona gida lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Abba yana ta fama da rubutun digirinsa, ya ce saura babi na ƙarshe. Ƙaramarmu Samar ta fara tafiya, ba ta bar komai a kan tebur ba. Ni ina aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare, malamai ba su da kuka da ni. Umma ce dai ba ta cin abinci sosai tun da abin nan ya faru, kuma a kansa nake so in yi maka magana.

Baffa, Abba zai kira ka bayan Juma'a ya roƙe ka ka karɓi Yaya Ukasha. Ya ce zai cire shi daga makaranta ya sa shi a jirgi, bai damu da jarrabawar ƙarshe da ke gabansa ba, domin ba zai riƙe ɗan daba a gidansa a ƙasar mutane ba. Amma ya ce kai ka rene shi, shi Abban, bayan rasuwar Kaka, don haka abin da ka yanke shi za a yi. Abba ba ya wurin da abin ya faru. Ni ina wurin, da idona na gani. Ba na cewa Abba zai faɗi abin da ba haka ba, Allah ya kiyaye, sai dai shi ƙarshen ya sani, ni kuma ina so ka ji farkon.

Dole in fara da wasan, ka yi haƙuri da ni. Sunansa besbol, ko a nan Masar ba kowa ya san shi ba. Wani mutumin Aswan da ake kira Kaftin Fadl ne ya tara yaran unguwanninmu yana koya musu, Misirawa da Sudanawa da namu. Mutum ɗaya yana tsayawa kan ɗan tudu a tsakiyar fili ya jefa ƙwallo, wani na ɗaya ƙungiyar yana tsaye da sanda yana ƙoƙarin bugun ta. Ƙwallon ba ta fi lemon zaƙi girma ba, amma tauri gare ta kamar dutse. Wanda ya buga sai ya ruga, akwai tashoshi uku da zai bi kafin ya dawo inda ya tashi, in ya dawo ya ci maki ɗaya. In ya kai bugu ya kuskure, ko ƙwallo ta wuce daidai gabansa bai motsa ba, har sau uku, ya fita. In aka fitar da mutum uku sai a juya, masu jifa su koma bugu. Haka ake yi har zagaye bakwai.

Yaya Ukasha ba ya cikin masu fara jifa. Hannunsa ƙarfi gare shi amma ba ya jimawa, sai ake ajiye shi sai ƙarshe, lokacin da mai jifan farko ya gaji kuma ƙungiya tana gaba, a ce masa ga nasara nan, riƙe ta kar ta suɓuce. In ya riƙe, ana ba shi abin da suke kira sef, wato shaidar cewa shi ya tsare nasarar. Ya sha koya mini dokar da ƙwallayen dabino a ƙasan kicin ina tsintar shinkafa, har na haddace ba don ina so ba. Na farko, dole shi ne zai yi jifan ƙarshe na wasan, ba wani ba. Dole kuma ya tarar da ƙungiya a gaba ya bar ta a gaba, ba a taɓa kamo ta a hannunsa ba. Sannan dole nasarar ta kasance cikin haɗari lokacin da ya shigo. Ko dai ratar ba ta wuce maki uku ba kuma ya yi zagaye guda cur, ko kuma wanda zai iya farke ratar yana kan tasha, ko yana riƙe da sanda, ko shi ne na gaba a layi. Akwai hanya ta uku, mutum ya yi jifa zagaye uku a jere komai yawan ratar, amma wannan ba ta Yaya ba ce, hannunsa ba ya kaiwa. Abin da nake so ka riƙe, Baffa, shi ne wannan: in ya shigo zagayen ƙarshe rata uku, akwai sef. In huɗu ce, ko ya fitar da kowa, ba a ba shi komai.

A bana wani babban kulob na cikin Alƙahira ya ce zai ɗauki mai jifan ƙarshe guda ɗaya daga yaran unguwanni, wanda ya fi kowa yawan sef. Yaya bai yi maganar komai ba sai wannan tun sanyi. Da aka zo wasan ƙarshe, shi da wani yaro Bamisire mai suna Ramzi sun yi kunnen doki, kuma da ƙungiyar su Ramzin za a kara, a filinsu, can bayan Giza.

Saura mutum ɗaya da ya kamata ka sani, shi ne Bakri. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun tashi hajji a ƙasa suka zauna a can, yaƙi ya koro shi nan da mahaifiyarsa Inna Awadiyya da ƙanwarsa Tagwa, suna zaune a unguwar Ard al-Liwa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in ya yi magana har Umma dariya take yi. Shi da Yaya kwano ɗaya suke ci. Yana kiran Yaya ɗan malam, Yaya yana kiransa kakana. Tagwa kuma ita ce ƙawata, tare muka tafi ranar da jarkar zoɓo mai sanyi, muka zauna a bayan wayar da ta kewaye filin, kusa da ƙofa.

Bayan sallar Juma'a aka fara, rana tana dukan kai. Wasa ya yi mana kyau. Da aka shiga zagaye na bakwai muna gaba da maki uku daidai, kuma mu ne da bugu, daga nan sai su yi nasu na ƙarshe, wanda Yaya zai jefa musu. Ina hango shi a gefe yana ɗumama hannu. Kocinsu ya sa Ramzi a tudu duk da suna baya, don kar ratar ta ƙaru, amma hannunsa ya ƙi zama. An fitar da namu biyu, sai dai tashoshi ukun nan duk sun cika da yaranmu. Sai layi ya zo kan Bakri, wanda ya fi kowa iya bugu a ƙungiyar. Ko ɗan taɓa ƙwallon ya yi ta wuce, maki ya shigo, rata ta zama huɗu. Kowa a ɓangarenmu yana ihun yalla ya Bakri. Ni ma na miƙe ina tafi, sai da Tagwa ta ja mini hijabi ta ce in dubi fuskar ɗan'uwanta.

Ramzi ya jefa ta farko daidai tsakiya, irin wadda Bakri yake aikawa bayan katanga. Bakri bai ko ɗaga sandar daga kafaɗa ba. Ya juya ya kalli inda Yaya yake, ya yi ɗan murmushi. Sai kowa ya gane a lokaci ɗaya. Yayan Ramzi, wani ƙato mai suna Gabir da ke haya da babur, yana tsaye a jikin waya kusa da mu da abokansa, sai ya daka wa ƙaninsa tsawa ya ce shi jaki ne, bai ga ana yi masa wayo ba? Ya ce ya ba shi a haƙarƙari. Domin akwai wata doka, Baffa: in ƙwallo ta sami jikin mai bugu ana ba shi tashar farko kyauta, kuma da yake tashoshin a cike suke, kowa zai matsa gaba, na ƙarshen ya shigo da maki. Wato Ramzi ya gwammace a ƙara cin su maki ɗaya, muddin Yaya zai rasa.

Ramzi ya jefa da iyakar ƙarfinsa. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an doki buhun hatsi da taɓarya. Amma Bakri ya san dokar fiye da shi, ya san in mutum ya kai bugu a daidai lokacin da ƙwallo ta same shi, ba a ba shi tasha, kuskure ake ƙirga masa. Sai ya wurga sandar a iska kamar mai korar ƙuda, ƙwallon kuma ta nutse a haƙarƙarinsa. Ya durƙusa, ya dafa ƙasa, ya tofar da yawu, ya miƙe. Alƙalin wasa ya ce kuskure na biyu. Ta ukun a gwiwar hannu ta same shi, har sandar ta faɗi, amma ya riga ya kaɗa ta. An fitar da shi, rata tana nan uku. Ya taho yana riƙe da hannunsa, hawaye na zuba, yana dariya.

Ba wanda ya gode masa. Yaranmu uku da suka dawo daga tashoshi suna zaginsa. Kaftin Fadl ya kaɗe masa hular kwano daga kai har ta yi tsalle a ƙasa, ya ce shi ƙungiya ya kafa ba gidan rabon sadaka ba, ya ɗauki jakarsa ya bar masa fili, halas. Yaya kuwa, Baffa, ina so ka ji wannan da kyau, cakumar rigar Bakri ya yi ya girgiza shi, ya ce wa ya aike shi, yaushe ya ce masa yana son abin da ba guminsa ba. Bakri ya ce masa ɗan malam ya bar wa'azi ya je ya yi jifa, haƙarƙarin kakansa ba na banza ba ne. Ya rataya jaka ya fita ta ƙofar da ke kusa da mu, shi kaɗai.

Yaya ya hau tudu. Mutanen unguwar suna dukan waya suna ce masa ɗan sadaka, suna cewa ya buɗe baki a zuba masa, da wasu maganganu a kan launin fatarmu da ba zan rubuta maka ba. Ban taɓa ganin ya yi jifa irin na ranar ba, mai cafe masa har cire safar hannu yake yana yarfe yatsu. Ya fitar da na farko. Na biyu ya sami tasha saboda fushi ya sa jifan ya karkace. Ya fitar da na uku. Saura mutum ɗaya, Baffa. Mutum ɗaya a tashi wasa, kulob ya zama nasa.

A nan Tagwa ta ƙwalla ƙara. Na juya na ga Gabir da mutum uku sun kewaye Bakri a bakin ƙofa, inda ya tsaya yana leƙen wasan. Ɗaya ya riƙe shi ta baya ta jakar. Gabir ya kwance sarƙar da yake ɗaure babur, da ƙaton kwaɗo a bakinta, ya naɗe ta a hannu. Dukan farko a kafaɗa ya sauka. Na biyu a muƙamuƙi, na ga bakin Bakri ya koma gefe kamar ba nasa ba, jini ya feso kan rigar wanda ke riƙe da shi har ya sake shi. Ya faɗi da fuska, suka hau shi da ƙafa, a ciki, a baya, a kan hannun da ƙwallo ta riga ta daka. Gabir yana dariya yana ce masa ya kaɗa sandar yanzu mana a gani. Sai ya ɗaga sarƙar karo na uku, saitin ƙeyarsa.

Ban ga lokacin da Yaya ya juya ba. Na dai ji wani abu ya wuce da iska ta ƙofar da ke buɗe, sai ƙara kamar an fasa faranti a kan siminti. Gabir ya saki sarƙar, ya kama bakinsa da hannu biyu, ya zauna daɓas. Jini yana bin tsakanin yatsunsa har gwiwar hannu, ya tofar da haƙora a tafinsa yana kallonsu. Ƙwallon wasan ce, tana birgima a gefensa. Nisan ya ninka wanda Yaya ya saba jifa, amma bai kuskure ba.

Daga nan ba zan iya jera maka abin da ya faru daidai ba. Yaya ya yar da safar hannunsa ya sauko daga tudu a guje, ya faɗa kan Bakri ya rufe shi da jikinsa. Mutanen unguwa suka tsallako waya, yaranmu suka fito da sanduna. Kujerun gidan shayin da ke gefe suka fara tashi sama, kwalabe suna fashewa a jikin bango. Wani ya ɗauki sarƙar ya ci gaba da zuba wa Yaya a gadon baya, ina jin kowane duka, shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba. Kaftin Fadl ya shiga tsakani hannuwa a buɗe yana haɗa su da Allah, aka fasa masa kwalba a goshi, ya ci gaba da tsayuwa jini yana rufe masa ido. Tagwa ta kama hannun mai sarƙar ta gantsara masa cizo, ya yi jifa da ita ta bugi bango. Ni ban yi komai ba, Baffa. Jarkar zoɓon tana hannuna, wani ya bangaje ni ta kife a jikina. Wata tsohuwa Bamisira mai sayar da gasasshiyar masara ce ta ja mu ni da Tagwa cikin wani shago ta sa aka sauke ƙofar ƙarfe, tana shafa jikina tana neman inda aka sare ni, ina ce mata zoɓo ne ba ta yarda ba. Ta ƙasan ƙofar na hango Ramzi ya cire rigarsa ya danna a bakin yayansa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da dattawan unguwar suka fito daga masallaci aka lafa, wani mai tuk-tuk, babur mai ƙafa uku, ya kwashi Bakri da Yaya zuwa asibiti, kan Bakri a cinyar Yaya.

Muƙamuƙin Bakri ya karye wuri biyu, an ɗaure masa haƙora na sama da na ƙasa da waya, haƙarƙarinsa ɗaya ya tsage. Gabir ya rasa haƙoran gaba, an ɗinke masa leɓe. Yaya kuwa har yau a kife yake kwana saboda bayansa, ni nake taimaka wa Umma wajen shafa masa magani, sawun sarƙar yana nan ɗaya bayan ɗaya kamar an zana. Ba a kai magana wurin 'yan sanda ba, domin kowane ɓangare yana da mai rauni, mu kuma ka san zaman takardar izini muke yi, su Bakri ma nasu ya fi namu rauni. Dattawan unguwannin biyu suka yi zama irin na mutanen nan, aka sa Yaya ya sumbaci kan Gabir a gaban kowa, kamar yadda suke neman gafara, ya yi bai musa ba. An ce Gabir ma ya je ya yi wa Bakri haka. Har yau bai je ba. Babu wanda ya ce a kori Yaya daga gari a zaman nan. Abba ne da kansa.

Da muka dawo gida daga zaman, Abba ya mari Yaya, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ya ce ko dabba an hana a dake ta a fuska, balle ɗan Adam, kuma da ƙwallon ta hau sama kaɗan da yanzu gawa ake magana, da mu duka muna hanyar filin jirgi ko wani wurin da ya fi shi muni. Ya ɗauko almakashin Umma ya yayyanka safar hannun nan da Yaya yake shafa wa mai kamar jaririya, ya zuba a shara. Yaya yana tsaye kansa a ƙasa. Na san Abba tsoro ne ya yi masa yawa, kuma ban ce ba shi da gaskiya ba.

Akwai abin da na yi ta tunanin ko in ɓoye maka, amma in na ɓoye, ban da bambanci da mai ƙarya. Na tambayi Yaya ina shafa masa magani ko hannun Gabir ya nufa ƙwallon ta kauce. Na so ya ce eh. Ya ce a'a. Ya ce ya ga sarƙar ta tashi, ya ga bakin nan yana dariya, kuma shi inda ya kalla nan yake jifa, haka aka koya masa. Ya ce ba zai ce kuskure ne ba don a tausaya masa. Amma ya ce ƙarar nan ba ta barin kunnensa, ranar da Samar ta ture kofin shayi ya fashe sai da ya shiga banɗaki ya yi amai. Ko lemo Umma ta ce ya miƙo mata, ba ya wurgawa kamar da, tasowa yake ya ajiye mata a hannu.

Wasan kuwa an ƙarasa shi a Juma'ar da ta biyo, ƙofa a kulle ba 'yan kallo. An dakatar da Yaya, sai Kaftin Fadl, da bandeji a goshi, ya sa wani yaro ɗan Maraɗi mai suna Harun, wanda bai taɓa jifa a wasa ba. Rata uku, mutum ɗaya a tasha, mai sanda na biyu, na bayansa a layi shi ne na uku da zai iya farkewa, ka ga sharaɗi ya cika. Harun ya yi jifa biyu, aka buga ta sama, aka cafe. Shi ya yi jifan ƙarshe, shi aka ba sef ɗin. Yaya da ya fitar da mutum biyu ba a ba shi komai ba, kulob ɗin kuma Ramzi suka ɗauka, tun da Yaya a dakace yake. Harun ya zo har ƙofarmu da ƙwallon a leda yana ta ma'alish, wato a yi haƙuri, wai ba da gangan ya yi ba. Ranar ce kawai na ji Yaya ya yi dariya, ya ce masa ya tafi da abarsa, halal ɗinsa ce.

Bakri bai san wannan ba, kuma shi ne dalilin wasiƙata. Inna Awadiyya tana fita aikin gidajen mutane tun safe, Tagwa ba ta iya ɗaga shi, ga hannunsa ɗaya a naɗe. Kullum Yaya yana tashi daga makaranta ya hau ƙaramar bas da suke kira mikrobas zuwa Ard al-Liwa, ya markaɗa miyar adas, wani irin ƙananan wake, ko ayaba da madara, ya tace, ya tallafo kan Bakri ya sa masa tsinken roba ta gurbin wani haƙorinsa da sarƙar ta fitar. Shi yake kai shi banɗaki, shi yake wanke masa baki da ruwan gishiri. Na bi shi sau da yawa. Duk ranar Allah sai Bakri ya tambaya ta cikin haƙora, da ƙyar ake ji, ko an ba ɗan malam sef ɗinsa. Tagwa sai ta fita daga ɗakin. Yaya kuma ya ce masa kaka ya sha miyarsa tukuna, surutu ba ya ɗinke ƙashi. A hanya na tambaye shi har yaushe zai yi ta kaucewa. Ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, ba kuma zai bari wani ya faɗa masa ba. Ya ce mutumin da ya ba da haƙarƙarinsa da muƙamuƙinsa a kan abin da bai samu ba, ya cancanci ya ji daga bakin wanda ya sauka daga tudun, kuma a ranar da aka cire masa waya, don ya samu ya buɗe baki sosai ya zage shi son ransa.

Baffa, ban roƙe ka ka ce Yaya bai yi laifi ba. Ya yi, shi ma ya sani. Ban kuma san me zan ce da bai yi jifan ba, domin ni na ga inda sarƙar ta nufa. Wannan hukuncin ya fi ƙarfina, na bar wa manya. Abin da nake roƙo shi ne, in Abba ya kira, ka ce a bar shi har a cire wa Bakri waya, ya kuma rubuta jarrabawarsa. In an sa shi a jirgi yanzu, ban san wanda zai riƙe wa Bakri kofi ba, kuma daga bakin yaran unguwa zai ji labarin, Yaya yana can inda ba zai iya kallon idonsa ba. Bayan nan, in ka ga ya dace ya taho Funtuwa, ni da kaina zan shirya masa jaka. Sai dai in ya zo, don Allah kar a tarbe shi a matsayin wanda aka jefar. Abba ya taɓa ba mu labari cewa kana yaro ba a kai ka iya kaɗo kanya da dutse ɗaya ba a duk unguwarku, ya ce hannun Yaya naka ne. Ina ganin ko ba kowa, kai za ka san abin da za ka ce masa a kan hannun nan.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, Umma ta ce a gode mata da kuka da daddawar da ta aiko, ita kaɗai ta san ina wannan rubutun, tana zaune kusa da ni. Ina gaida Gwaggo Fadimatu da jikokinta, da Kawu Jibrin, da Yaya Nana Fatima da maigidanta da jaririnsu da ba mu gani ba sai a hoto. Samar ta dangwala yatsa a shayi ta taɓa gefen takardar, tabon da za ka gani gaisuwarta ce.

In na wuce gona da iri ka yafe mini, ka kuma roƙar mini Abba in ya ji. Likita ya ce ba za a jima ba a cire wayar. In ka ba ni izini, Baffa, ina so in sake rubuto maka a ranar, ko Yaya yana nan ko yana wurinka, in gaya maka abin da Bakri ya ce da ya buɗe baki. In ba ka ba ni ba, zan yi shiru kamar yadda ka san ni.

'Yarka mai biyayya,
Fiddausi.